Gidan abincin wani tsohon saje a kasuwar mami

A kasuwar mami ta wani barikin soja a Kaduna akwai gidan abincin da wani saje ya buɗe bayan ya yi ritaya, kuma horon bariki bai bar jikinsa ba. Waɗannan kasuwanni sun samo sunansu ne daga Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da kunu a barikin Enugu a 1959, kuma har yau a nan ƙananan sojoji ke sauke gajiya idan sun tashi daga aiki.

Tuwon shinkafa da miyar taushe sun yi daɗi, sai dai yaji ya yi wa farfesun kayan ciki yawa, wurin zama kuma ba ya isa da azahar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda maigidan ke tafiyar da ma'aikatansa, domin ba ya sa loma a baki sai sun ci, kamar yadda ake koya wa kwamanda ya duba cikin dakarunsa kafin nasa. Da wata yarinya ta kai wa wani kofur miyar da ta huce, saje bai daka mata tsawa a bainar jama'a ba. Da kansa ya ɗauki kwanon, ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, laifina ne," sannan ya sa aka ɗumama. Ma'aikatan kuwa suna hidima da fara'a, babu alamar tsoro a fuskokinsu.

Farar hula ya riƙe katin shaidarsa, domin ana tambaya a ƙofar bariki.