1899: kashi takwas, sannan aka bar mu tsakiyar teku

Duk wanda zai ɗauki fim ɗin 1899 ya sani tun farko cewa sulusin labari zai samu. Baran bo Odar da Jantje Friese, Jamusawan da suka yi fim ɗin Dark, zango uku suka tsara masa. Netflix ta saki zangon farko, kashi takwas, ranar 17 ga Nuwamban 2022. Ranar 2 ga Janairun 2023 Odar ya fito a Instagram ya ce ba za a ci gaba ba. Kwana 46 ke nan tsakani. Amma har gobe masu tura fim a nan Maraɗi suna zuba wa mutane shi a memori ba su faɗa musu ba, mutum ya ƙare na takwas ya koma neman na tara, alhali ko ɗaukarsa ba a yi ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma bai sake ni ba.

Duk da haka aikin ya yi kyau. Jirgin ruwa ne mai suna Kerberos ya taso daga Ingila ya nufi New York ɗauke da ƴan ci-rani, masu kuɗi a sama, talakawa a ƙasa, kowa da abin da ya gudo wa. A hanya suka samu saƙon tangaraho ya kai su ga Prometheus, jirgin kamfaninsu da ya ɓace wata huɗu. Suka shiga, ba kowa sai yaro guda kulle cikin kabad, riƙe da wata ƴar baƙar dala mai siffar dalar Masar. Daga nan hazo ya sauko, kamfas ya rikice, mutane suka fara faɗuwa matattu ba ciwo ba rauni.

Kafin a taɓa kashi na ɗaya, a duba murya. Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata wa kansu fim ɗin ba su sani ba. Kowane ɗan wasa da harshensa yake magana: likita Maura Franklin da Turanci, kyaftin Eyk Larsen da Jamusanci, ango da amarya da Faransanci, iyalin nan masu tsananin addini da harshen Danmak, ga Sifaniyanci, ga harshen Fotugal, ga na Foland, ga Sinancin Kanton. Rashin jin juna shi ne ƙashin bayan labarin. Olek mai zuba kwal a tukunyar jirgi da Ling Yi ba su da kalma ɗaya da suka haɗa, kowa yana zuba wa ɗan'uwansa sirrinsa don ya san ba za a gane ba, kai mai kallo kaɗai ke jin duka biyun. To idan fayil ɗin da aka tura maka an rubuta masa VF, kowa ya koma Faransanci, sai ka ga mutum biyu suna yare ɗaya amma suna zare wa juna ido kamar kurame. Ba ma'ana ko kaɗan. A nemi wanda aka rubuta wa VOSTFR, wato muryar asali da fassarar rubutu a ƙasan allo. Mai kallo ta Netflix kai tsaye ya shiga wajen zaɓen murya ya tabbatar ta asali ce, don wani lokaci wayar da aka saita kan Faransanci da kanta take zaɓar fassarar murya.

Sai hoto. Fim ne mai duhu, lungunan jirgi da dare da hazo. An ɗauki mafi yawansa a Babelsberg kusa da Balin, cikin wani zaure da aka kewaye da katangar allo mai nuna teku da sama, ƴan wasa suna tsakiya. Idan aka matse fayil ɗin don ya yi sauƙin turawa, wuraren duhu ne ke fara lalacewa, baƙin ya koma dabbare-dabbare, fuskoki su narke. Kashi guda yana kai minti hamsin zuwa awa, duka wajen awa bakwai. Wanda ya ce zai cusa su cikin giga ɗaya, laka zai kalla. A ware giga biyu ko fiye, a kalla da dare, a ƙara hasken allo. A sauke shi tun da wuri kuma a cika batir, don fim ne da in kuran ya yanke maka shi a tsakiya sai ka sake kashin daga farko. Ƙananan abubuwa ne ke ɗauke da labarin: alamar alwatika da ke ko'ina, a kafet, a ɗan kunne, a bayan wasiƙa, lambar ɗaki 1011, koren buzuzun da ke buɗe ƙofa. A allon da ya dusashe duk ba a ganinsu. Kuma ba na kallo da yara ba ne ko gaban manya. Akwai wuraren kwanciya, kashi na biyar kuma yana da wurin da fasinjoji ke jerawa su faɗa teku, mai nauyi ne sosai.

Wanda bai kalla ba ya tsaya nan, don zan faɗi ƙarshe.

Babu jirgi, babu teku, babu 1899. Duk duniya ce ta bogi da kwamfuta ta gina, ana maimaita ta, kowane zagaye a goge wa mutanen tunani. Shi ya sa ƙarƙashin gadon Maura akwai ramin da ke fita gidan mahaukatan mahaifinta, na Eyk kuma ya fita ga gidansa da ya ƙone da iyalinsa. Shi ya sa ake rufe kowane kashi da waƙar jita ta ƙarni na ashirin, wadda ba ta dace da zamanin ba. Daniel, baƙon da ya hau jirgin a tsakiyar teku, mijin Maura ne, yaron nan na kabad, Elliot, ɗanta ne, ita ce ma aka ce ta gina wurin. A mintunan ƙarshe ta farka cikin kumbo a sararin samaniya, shekarar 2099, sunan kumbon Prometheus, sauran fasinjojin na nan kwance an jona musu na'ura a ka, sai saƙo ya fito a allo daga ɗan'uwanta Ciaran yana yi mata maraba. Shi ke nan. Ciaran ɗin da aka yi ta ambato tun kashi na ɗaya ba mu ga ko fuskarsa ba. Babu Daniel babu Elliot cikin waɗanda ke kwance, ba a ce me ya sa ba. Kumbon gaskiya ne ko shi ma wani rufin bogi ne? Ina za su? Me suka gudo wa a duniya? Awa bakwai ana hawa da kai tsani, ka sa ƙafa a soro, a janye tsanin. Almarar kimiyyar da aka yi mana alkawari a nan ne za ta fara, a nan kuma aka yanke.

A fada in aka ɗora shayi aka tayar da zancen, ra'ayi biyu ake ji. Masu zafi suna cewa zalunci ne. Hujjarsu tana da ƙarfi: kwana uku bayan fitowarsa aka buɗe gasar cin kofin duniya a Katar, ranar 20 ga Nuwamba, ranar 23 kuma Netflix ta saki fim ɗin Wednesday ya kwashe hankalin kowa. A lokacin, kwana 28 na farko Netflix ke ƙirgawa a jerin finafinan da suka fi samun kallo. Wa zai bar ƙwallo ya zauna karanta fassarar harsuna takwas? Fim irin wannan a hankali yake yaɗuwa, baki da baki. Dark ma da aka bar shi ya yi zango uku, kashi 26, daga 2017 zuwa 2020, ya ɗaure kowane zare da ya saki. Mutanen da suka nuna sun iya sauka lafiya, ai sun cancanci a bar su. Masoya sun yi ta sa hannu a takardar koke a intanet, ba ta sauya komai ba.

Ni ma a can nake, amma kallo na biyu ya rage mini zafi kan kamfanin ya ƙara mini kan masu fim ɗin. Kashi huɗu na farko suna jan ƙafa fiye da kima. Kowa na da sirri, kowa na kallon bango, a yi tambaya a ƙi amsawa. Daniel ya san komai tun ranar da ya hau jirgin, amma sai kashi na bakwai ya buɗe baki sosai, ba don wani dalili mai gamsarwa ba sai don a ja lokaci. Da zarar ka gane duniyar bogi ce, mutuwar ƙaramar yarinya Ada da ta girgiza ka a farko sai ta yi sauƙi, baƙin cikin Eyk ma ka fara shakkar ko ya taɓa yin iyali. Mutane da yawa tun kafin ƙarshe suke ajiye shi, kuma ba zan ga laifinsu ba. Fim ne da aka kashe wa kuɗi masu yawan gaske. Wanda ya ci irin wannan kuɗi bai kamata ya ɓoye duk amsoshinsa a zangon da ba a sa masa hannu ba. Da sun kawo farkawar Maura a kashi na shida, suka ba mu biyu cikin kumbo, da ko an yanke mun tashi da wani abu a hannu.

Amma da na sake kai wa wurin da Olek ke riƙe da sitiyarin jirgi cikin guguwa, Ling Yi na gefensa, sai haushin soke shi ya dawo mini sabo. Wanda ke son yanayi da wasa mai kyau, kuma zai iya haƙura da tambayar da ba amsa, ya ɗauka da muryar asali. Wanda ba ya jure labari ba ƙarshe ya ba mai turawa memorinsa ya ce a sa masa Dark.