Hoton titi a Zariya: da sassafe ko bayan la'asar?

Masu ɗaukar hoton titi da waya suna yawan tambaya wane lokaci ya fi, to ni dai safiya na zaɓa kuma ga dalilina.

Da sassafe, kamar ƙarfe 6:30 zuwa 7:30, titin Samaru bai cika ba, hasken mai laushi ne, inuwar bishiyoyi ta miƙe doguwa a kan kwalta, kana da sukunin tsayawa can gefe ka durƙusa ka ɗauko layin titin yana tafiya har ya ɓace ba tare da wani ɗan acaɓa ya taso maka ta baya ba. Idan lokacin hunturu ne ma hazon nan yana rufe nesa, mai keke ɗaya kawai ya shigo hoton ya wadatar wallahi.

Yamma kuwa ta fi kala, wannan ba musu. Bayan la'asar rana tana jan ja, ƙura ta zama ruwan zinare, dab da magariba fitilun motoci su kunnu, in ka jingina wayar a kan wani abu ka sa night mode, wato tsarin ɗaukar hoton dare na kyamarar wayar, za ka samu kyau sosai. Amma fa lokacin ne Kwangila da PZ suke cakuɗewa, tireloli, Keke Napep, kowa na sauri, ga direban da rana ke dukan idonsa ba lallai ya hango ka ba. Wannan abin yana damuna ƙwarai, don in ido na kan sikirin, mutum baya jin hon.

In dole sai yamma, hau bene da izinin mai shi, ko ka tafi da wani ya riƙa duba maka hanya, kuma ka tambayi masu sana'a kafin fuskarsu ta shiga.