Hoton yuro 60

Assalamu alaikum Yaya. A gaishe min da Inna da mutan gida duka, da 'yan fadarmu na unguwar Zariya masu shayin bayan isha'i. Ka tambaye ni abin da ya hana ni turo hoton da na yi alkawari tun watan jiya. An yi hoton, kunyar turowa nake ji.

Ka san tun da na gama karatu nan Liyon ta Faransa nake neman aiki. Matar da ke duba takarduna a ofishin gwamnati na masu neman aiki, France Travail, wanda har ƙarshen 2023 ake kira Pôle emploi, ta ce doka ba ta tilasta kowa ya sa hoto a CV ba, amma masu ɗaukar ma'aikata suna leƙa LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, kuma wanda na sa a can na biki ne. Gaskiyarta. Na ɗaurin auren abokinmu ne, hula ta karkace, ga rabin kafaɗar ango a gefe.

Hoton takardun hukuma ba shi da wuya a ƙasar nan. Akwai 'yan akwatunan Photomaton a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu da manyan kantuna. Ka shiga ka ja labule, ka biya abin da bai kai yuro 10 ba, minti uku ka fito da hotonka mai faɗin milimita 35 da tsawon 45. Sai dai sharaɗinsa baki a rufe, ba murmushi, ba hula, sai ka fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ba da wannan fuskar ake neman aiki ba.

Sai na shiga wani sitidiyo na tambayi farashi. Yuro 150, hoto uku gyararru. Yuro ɗaya sefa 656 ne ba kaɗan, ka ga jikka 98 ke nan da ɗoriya. Na yi godiya na fito. Abin da na lura da shi a Faransa, Yaya, kayan da inji ya yi ba su da tsada in ka gwada da albashi: riga, takalmi, tukunya, har salula. Amma duk abin da hannun mutum zai taɓa, wanzami ne, tela ne, mai gyaran famfo ne, to ka shirya. Mafi ƙarancin ladan awa guda ya haura yuro 11, mai sana'ar kansa yana ba hukuma fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da ya samu, ga hayar shago. Mu can akasin haka ne, yadi tsada ɗinki araha.

A wani shafin tallace-tallace na intanet na ga wani saurayi ya ce yana ɗaukar hoton neman aiki a yuro 60. Hotunan da ya baje sun yi kyau, amma ban lura ba a lokacin, duk Turawa ne. Muka yi magana a waya, ya ce in ba shi rabi kafin aiki. Muka haɗu bakin tasha na ƙirga mishi 30 a hannu, ya ce ranar Asabar ƙarfe uku a lambun Tête d'Or.

Ƙarfe huɗu saura ya iso, a watan Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa da biyar da 'yan mintuna. Kamera ce babba a wuyansa, irin wadda in ka shiga da ita babbar kasuwar Maradi yara za su bi ka. Ba fitila, ba lemar nan mai tausasa haske, ba ko farin kwali da zai maido haske a fuskata. Ya tsayar da ni bakin tafki, farin sama a bayana, ya yi ta dannawa kamar mai harbin tsuntsu. Ina cikin kwat ɗin aro, sanyi na kaɗa min haɓa, shi kuwa sai "super, super" yake cewa. Ko sau ɗaya bai ce ɗaga kai ko sauke kafaɗa ba.

Nan ne na tuna tsohon nan mai hoto na kusa da tasha, wanda Baba ke kai mu wurinsa kowace Sallah. Ka tuna yadda yake tasowa ya kama haɓar mutum da yatsa biyu ya juya ta, ya gyara wuyan riga, ya goge maka gumin goshi da tsumma? Bangonsa zanen gidan bene ne da furen roba, in an ɗauke kuran sai ya fito da kai inuwar bango. Amma ya san fatarmu. Kamera in ka bar ta ta zaɓi haske da kanta, aunawa take ta nemi tsaka-tsaki. In bayanka fari ne fes, sai ta rage haske, baƙin mutum ya koma inuwa. Tsohon nan bai karanta wannan a lakwal ba, shekara talatin yana kallon fuskokin Maradawa.

Mako uku ina kira kafin ya turo. Hoto 42. A rabinsu ido da haƙori kawai ake gani. A wasu kamera ta kama reshen bishiya tas, ni kuma na zama hazo. Da na yi magana sai ya ce zai gyara a kwamfuta, ya ɗauko biyar ya haska su. Wallahi Yaya, sai ka ce na kwana a toka tsakiyar hunturu ban shafa mai ba. Har tabon goshina na faɗuwar keke ya shafe, ya bar min fuska sumul kamar ta ɗan tsana. Inna ba za ta shaida ni ba.

Na ce ya maido min ko da rabi. Ya daina ɗaukar waya.

Wani ɗan Damagaram da ya shekara ashirin a nan ya yi min dariya har da hawaye, ya ce araha ba ta ado. Ya tambaye ni ina takardar farashi, wadda suke kira devis? Babu. Ina rasit? Babu. Ina lambar SIRET, lamba 14 da duk mai sana'a mai rajista yake da ita? Ban ma san a tambaya ba. Ya ce da an rubuta cewa kuɗin nan arrhes ne, wato kuɗin kafin alƙalami, in mai aiki ya fasa, doka ta ce ya maido ninki biyu. Ni kuwa ciniki na yi irin na gida, baki da baki. A Maradi in mai hoto ya yi maka haka ka san ƙofar gidansu, ka san masallacin da ubansa ke salla, kafin la'asar magana ta kai kunnen kawunsa. Nan ko sunan mahaifin yaron ban sani ba, lambar waya ce kawai tsakaninmu.

Hoton da ke shafina yanzu ɗan Damagaram ɗin ne ya ɗauka da salularsa. Ya zaunar da ni kusa da taga da hantsi, ya riƙe farar matashin kai a ɗaya gefen fuskata. Ladansa kwanon tuwo da miyar kuka.

In ka bi ta tasha ka duba min ko tsohon nan yana nan. In yana nan ka gaishe shi, ka ba shi jikka biyu na goro, zan turo maka ƙarshen wata. Kada dai ka faɗa mishi nawa na biya.