Daga Amurka: Yadda NBA Ke Ɗaure Hannun Masu Kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin ƙwallon kwando a gida. Kun saba da ƙwallon ƙafar Turai, inda mai arziki ke sayen duk ɗan wasan da ransa ya so. A gasar NBA ta Amurka ba haka tsarin yake ba.

Kowace ƙungiya cikin 30 tana da gurbin 'yan wasa 15 masu cikakken kwantiragi, sai wasu 3 da ke kai-komo tsakaninta da ƙaramar gasar G League. A kakar 2024-25 an ƙayyade jimillar albashin ƙungiya a kan dala miliyan 140.6. Ɗan wasa ɗaya ma yana da iyaka: kashi 25 cikin 100 na wannan kuɗi idan bai kai shekara 7 a gasar ba, kashi 30 daga shekara 7 zuwa 9, kashi 35 idan ya cika 10.

Ana iya haura iyakar albashin ƙungiya, musamman don riƙe ɗan wasan da ya shekara uku a ƙungiyar, dokar da ake kira da sunan Larry Bird, tsohon tauraron Boston Celtics. Amma wanda ya wuce wani mataki, dala miliyan 170.8 a kakar 2024-25, zai biya tara a kan kowace dalar da ta haura shi, kuma ana raba wani kaso na tarar ga ƙungiyoyin da ba su wuce ba. Inda abin ya fi zafi shi ne katanga ta biyu, dala miliyan 188.9 a waccan kakar, wadda yarjejeniyar 2023 ta kawo. Wanda ya tsallake ta ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya musanya da babban ɗan wasa ɗaya ba, ba zai sa tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma za a hana shi sayar da damarsa ta zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na zaɓen da za a yi bayan shekara bakwai. Wannan ce ta sa Boston Celtics, da ta ci kofi a 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porziņģis a 2025.

Maguɗi kuwa yana da tsada. A 2000 an kama Minnesota Timberwolves da yarjejeniyar ɓoye da Joe Smith, aka ci ta tarar dala miliyan 3.5, aka ƙwace mata zaɓen zagayen farko guda biyar, daga baya aka mayar mata da biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙasan ma'aunin. Dole kowace ƙungiya ta kashe aƙalla kashi 90 na iyakar a kan albashi, 'yan wasa kuma suna karɓar kusan rabin kuɗin shigar gasar. A gida, inda ƙungiyoyi irin su Kano Pillars ke dogara da gwamnatin jiha, wannan ɓangaren nake fatan hukumomin ƙwallon kwando su fara ɗauka: mafi ƙarancin albashi a rubuce, da ranar biya da ba ta sauyawa.