Kafin ka sayi garin nano don ƙarfafa epoksi, tambayi saurin da aka yi gwajin

Mai sayar da epoksi, robar ruwa mai daskarewa ta yi ƙarfi, da aka gauraya da garin nano, wato gari mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, zai miƙo maka takarda mai lamba ɗaya: ƙarfin jure danni, megafaskal kaza (ma'aunin matsi ke nan). Lambar ba ƙarya ba ce, amma a hankali aka samo ta. Ƙa'idar ASTM D695, wadda kamfanoni da yawa ke bi, tana matse samfuri ne da saurin milimita 1.3 a minti guda. In abin da za ka ƙera zai sha duka ko karo, wannan lamba ba za ta wadatar da kai ba.

Dalili kuwa, dogayen sarƙoƙin da suka haɗa roba suna buƙatar lokaci kafin su zame a kan juna. Aka danna sannu-sannu sai su samu sararin kaucewa, kayan ya lotsa da wuri. Aka buga farat ɗaya kuma babu wannan sarari, sai ya yi tauri, ƙarfinsa ya hau, a epoksi har yakan kusa ninkawa. Sai dai zafin da bugun ya haifar ba ya samun fita, yana iya tausasa robar bayan ta fara lotsawa. Ana auna wannan hali na bugu mai sauri da na'urar da ake kira sandar Hopkinson, a sigar da Herbert Kolsky ya tsara a 1949. Ribar da garin nano ya nuna a gwajin sannu ba dole ta sake bayyana a nan ba, tunda robar da kanta ta riga ta yi tauri.

A cikin ire-iren garin nano, yumɓun nano shi ne mai araha kuma mai tarihi. Da shi Toyota ta ƙarfafa nailan ta yi murfin bel ɗin inji a farkon shekarun 1990, da abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Yana ƙara tauri, yana rage shigar danshi da iska. Sharaɗinsa shi ne falle-fallensa su rabu sosai cikin robar. In ba su rabu ba, ko aka zuba fiye da kima, sai ya yi gudaji kamar tuwon da ba a tuƙa da kyau ba, kuma daga gudajin nan tsaga take farawa idan bugu ya zo da sauri.

Silikar nano ce nake ba mai ƙaramin wurin aiki shawara. Ƙwayoyinta zagayayyu ne, wajen nanomita 20 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), kuma ana sayar da ita a gauraye cikin epoksi tun daga kamfani, saboda haka matsalar gudaji ta ragu ƙwarai. Ba ta kaurara ruwan epoksi sosai, ga ta da rage saurin tsagewa. Ta fi yumɓu tsada, amma abin da ka zuba jiya shi za ka samu gobe, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙera kaya.

Bututun kabon na nano da girafin, wato falle-fallen kabon marasa kauri ƙwarai, su ne masu suna. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 ake zubawa, suna kuma sa roba ta ɗauki lantarki. Amma suna manne wa juna, suna kaurara ruwan har zubi ya yi wuya, kuma siririn bututu ya fi amfani wajen ja, a danni lanƙwashewa yake yi. In ba ka da injin gaurayawa na kirki, ko ba ka buƙatar lantarkin, ka ajiye kuɗinka.

Kada a manta da ɗaya ɓangaren. Kayan da zai ɗauki nauyi wata da watanni, kamar matashin ƙarƙashin inji, yana lotsawa a hankali da nauyin da bai kai na takarda ba, zafin bazara kuma yana gaggauta hakan. Don haka ka nemi mai sayarwa ya ba ka sakamakon gwaji a sauri biyu ko uku, da na epoksin zalla a gefe don kwatantawa, da ma'aunin zafin da aka yi gwajin. Wanda ya kasa kawo su, sayi kaɗan ka kai ɗakin gwaji tukuna.