Ƙarfen gaba mai juyawa na ƙaramar tirela: abin da na gani bayan na ɗaura shi

Tun muna yara muna ƙera motar waya da ta langa-langa, kuma motar da ba ta shan kwana ba ma ƙirga ta a cikin motoci. Shi ya sa raina bai kwanta ba da na buɗe kwalin ƙaramar tirela ta roba da ake haɗawa da hannu, samfurin Peterbilt 359, ma'aunin 1/25 (wato ta gaske ta ninka ta sau 25), na tarar an zuba ƙafar gaba dunƙule guda, tayoyin suna kallon gaba kamar an ɗaure su. Sai na yi odar wani saiti na ƙarfen gaba mai juyawa daga wani ƙaramin mai sana'a a intanet.

Kayan ba su da yawa: gindin ƙafar na farin ƙarfe mai laushi, kawuna biyu da taya ke zama a kansu, ƙusoshin tagulla biyu masu kaurin milimita 1 da kawunan ke juyawa a jikinsu, sai sandar da ke haɗa ƙafafun, wadda makanikai ke kira tayarod.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannuwan da tayarod ɗin ke kamawa. Ba a miƙe suke ba, an ɗan karkato su ciki. Da na murɗa hagu sai na ga tayar hagu ta fi ta dama lanƙwasa, daidai yadda babbar mota take yi, domin tayar da ke cikin kwana da'irarta ta fi ƙanƙanta. Wannan dabarar ta tsufa: Georg Lankensperger, maƙerin keken doki a Munich, shi ya fito da ita, Rudolph Ackermann ya yi mata rajista a Ingila a 1818, sunan Ackermann kuma ya bi ta. Na daɗe zaune ina juya ƙafar a tafin hannuna ina kallo. Duk wanda ya sassaƙa wannan abu ya san mota.

Amma na sha wahala. Ramukan ƙusa sun matse, sai da na bi su da ƙaramin abin huji na hannu, a hankali, don farin ƙarfe ba ya son ƙarfi, yanzu ya lanƙwashe. Takardar bayani hoto ɗaya ce tal, shi ma dishi-dishi. Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa nawa ne: ɗigon gam ya gangara cikin ramin ƙusar dama, ƙafar ta ƙame. Na fitar da ƙusar da ƙyar, na goge, na shafa ɗan man basilin a jikinta, sannan na sa gam a samanta kawai da tsinin allura.

Akwai kuma faɗi. Ƙarfen ya fi na cikin kwalin da kusan milimita 2, wato santimita 5 ke nan a mota ta gaske, har taya tana gogar bodi in an karya sitiyari sosai. Da ƙaramin magagari na rage bayan kawunan.

Wanda bai taɓa haɗa mota ko ɗaya ba, ina ganin ya dakata tukuna. Wanda hannunsa ya faɗa, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Tawa tana kan kantar ajiya yanzu, tayoyinta a karkace zuwa hagu kamar direba ya shigo tasha ya kashe inji, kuma na riga na yi odar saiti na biyu.