Wayar kallon bidiyo: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Duk mai kallon YouTube ya san yadda hoto ke dusashewa idan sabis ya yi rauni, ya kuma washe idan ya dawo. Da gangan aka tsara haka. Ana yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙu, a ajiye ta da inganci iri-iri daga 144p mai dishi-dishi zuwa 1080p mai tsabta har sama, wayarka ta auna ƙarfin intanet ta ja wadda za ta iya. Kamfanin Apple ya fito da irin wannan tsari mai suna HLS a 2009, wani mai suna MPEG-DASH ya biyo baya a 2012. Sai dai ƙarfin wayar ma yana da ta cewa, kuma a nan masu saye ke yin asara.

Waya mai RAM 2GB (RAM ita ce ƙwaƙwalwar da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki a cikinta) da Android Go (Android mara nauyi na ƙananan wayoyi) ta isa wa mai jin wa'azi da kallon labarai a 360p. Amma ka shiga WhatsApp ka dawo, sau da yawa za ka tarar ta rufe bidiyon don ta samu wurin numfashi. Mai 4GB ita nake ba mafi yawan mutane shawarar saye. Tana riƙe kiran bidiyo da wata manhaja a lokaci guda ba tare da ta riƙa sarƙewa ba.

Ka kula da abin da aka rubuta a kwali. Idan ka ga "4+4GB", rabin na biyu aro ne daga ma'ajiyar waya, kuma bai kai na asali sauri ba. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko ina ne, tambayi mai shago RAM na gaskiya nawa ne.

Allon wayoyi masu sauƙin kuɗi galibi 720p ne, don haka kallon 1080p a kansu ƙona data ne kawai. Mai son Netflix kuma ya duba matakin Widevine, wato tsarin kariyar bidiyo da ke cikin wayar: idan L3 ce, ba za ka ga HD ba ko intanet ɗinka ya kai gudun jirgi, sai mai L1.

Kafin ka biya, roƙi mai shago ya bari ka kunna bidiyo na minti goma da layinka, ka ji ko bayan wayar ya yi zafi. Wadda ke zafi da wuri tana rage gudun kanta, hoton ya fara tsinkewa, batir kuma ya zube.